Yau direbana ya tsaya cik

Yau kam na ga ta kaina wallahi. Ina gwada direban da nake rubutawa (wato manhajar da ke sarrafa na'ura a kwamfuta) na miƙa katin sadarwa kai tsaye ga kwamfutar kwaikwayo ta hanyar VFIO (tsarin Linux na yin hakan), QEMU (manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayon) na ta aikinsa lafiya lau, sai na ce bari in kashe shi in ga yadda rufewa za ta kaya. Shiru. Ba saƙon kuskure ba komai, can sai kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya fara ƙorafi wai wani aiki ya maƙale sama da daƙiƙa 120. Ashe hanyar rufewar tana riƙe da makulli (abin da ke hana ayyuka biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda), a haka ta kira cancel_work_sync tana jiran wani aikin bayan fage ya gama, shi kuma aikin yana can tsaye yana jiran makullin nan da ke hannunta, kowa na jiran kowa har abada. Da na kunna lockdep, mai gano rikicin makullai a kanel, tun farko da tuni ya tona min asiri, ganganci ne kawai irin nawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na kusa goge layin jiran gaba ɗaya don a wuce wurin, kuma da ya "yi aiki" fa, sai dai aikin nan zai farka ya taɓa ma'ajiyar bayanan da aka riga aka saki. Ƙarshe dai na sa alamar ana rufewa, na saki makullin, sannan na jira. Sati biyu na yi ina ƙawata hanyar buɗewa, ta rufewa ko minti goma ban ba ta ba.