Yadda Na Zaɓi Fulogi Bayan Na Ɗora wa Motata Sufacaja

Lokacin da na ɗora wa motata sufacaja, na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska domin ya ƙara ƙarfi, hankalina duk ya tafi kan manyan kaya, wato na'urar kanta, da bel ɗin da ke juya ta, da injektocin da za su ƙara wa inji mai, da kuma saitin kwamfutar motar. Fulogi kuwa ban ba shi wani muhimmanci ba, domin a ganina idan mutum ya sayi mai kyau ya gama. Saboda haka na sayo masu bakin ƙarfen iridiyam, masu lamba ɗaya da waɗanda motar ta zo da su, na ɗaura su yadda suka fito daga kwali.

A tafiyar yau da kullum babu abin da ya nuna akwai matsala. Amma ranar da na taka totur har ƙasa, juyin inji ya haura 4,500 a minti, matsin iska kuma ya kai kusan psi 8, sai injin ya fara tsinkewa yana fizgar motar kamar mai shaƙuwa. Na ɗora laifin a kan koyil-koyil ɗin da ke ba fulogai ƙarfin lantarki, har na yi niyyar canza su duka. Bakaniken da na kai wa motar bai taɓa koyil ba, sai ya kwance fulogi ɗaya ya auna tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen gefe, ya nuna mini milimita 1.1.

Wannan tazara ta dace da injin da ke shaƙar iska da kansa, amma ba ta dace da wanda ake ɗura wa iska ba. Dalili shi ne, duk lokacin da iska da mai suka ƙara matsuwa a cikin silinda, tartsatsin wuta yana bukatar ƙarfin lantarki mafi yawa kafin ya tsallaka tazarar. Idan abin da ake bukata ya fi ƙarfin koyil, sai tartsatsin ya kasa tsallakawa, man ya fita ta salansa bai ƙone ba. Muka rage tazarar zuwa milimita 0.8, tsinkewar ta ragu, sannan muka sauko zuwa 0.75, ta ɓace gaba ɗaya. Ban ƙara matse ta ba, domin tazarar da ta yi kaɗan tana ba da ƙaramin tartsatsi, wanda ke sa inji rawa idan yana tsaye. A wurin na koyi cewa ba a danna tsinken iridiyam da abin awo, domin kaurinsa bai wuce milimita 0.4 zuwa 0.6 ba, kuma yana karyewa cikin sauƙi. Ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa, a hankali.

Na ɗauka aiki ya ƙare, ashe babban al'amarin yana gaba. Bayan 'yan kwanaki na sake taka motar sosai, na kashe inji nan take ba tare da na bar shi yana aiki a tsaye ba, na jira ya huce, na kwance fulogan. Tangaran ɗin da ke kewaye da tsinken tsakiya ya yi fari fat, kuma canjin launin da zafi ke bari a jikin ƙarfen gefe ya gangaro har kusa da gindinsa, maimakon ya tsaya wajen lanƙwasar. Fulogan suna ɗaukar zafin da ya fi ƙarfinsu.

A nan ne na fahimci abin da ake nufi da fulogi mai zafi da mai sanyi, wanda a da nake zaton yana nufin ƙarfin tartsatsi. Ba haka ba ne ko kaɗan. Ana maganar saurin da fulogi ke kwashe zafi daga bakinsa ya miƙa wa kan inji. Mai dogon hancin tangaran yana riƙe zafi, shi ne mai zafi, mai gajeren hanci kuwa yana saurin sallamar zafin, shi ne mai sanyi. Ana so bakin fulogi ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyos domin ya riƙa ƙone baƙin hayaƙin da ke taruwa a kansa, amma kada ya haura wajen digiri 800, domin daga nan sai ya zama kamar garwashi, ya kunna man kafin lokacin tartsatsi ya yi. Wannan kamawar wuta da wuri ita ce ke huda kan fistan, kuma tana iya yin haka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da na tuna sau nawa na taka motar a wannan hali, sai da gabana ya faɗi.

Lambobin ma suna bukatar natsuwa, domin kamfanoni ba su bi tsari ɗaya ba. A wurin NGK da Denso, idan lamba ta hau, fulogi ya ƙara sanyi, a wurin Bosch da Champion kuwa hawan lamba ƙarin zafi ne. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba bi ita ce a sauka mataki ɗaya zuwa sanyi a kan kowane ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100. Nawa fulogan masu lamba 6 ne a tsarin NGK, don haka 7 ya kamata in saya. Tsoro ya sa na tsallake zuwa 8, ina ganin gara ya yi sanyi da yawa da ya ƙone mini inji.

Ta fuskar kare inji wannan tunani ba laifi ba ne, domin fulogin da ya yi sanyi da yawa datti kawai yake tarawa, wanda ya yi zafi da yawa kuwa inji yake kashewa. Sai dai motar ba ta tsere kaɗai ba ce, ina yawan gajerun tafiye-tafiye da ita. Cikin makonni kaɗan ta fara wahalar tashi da safe, da na duba kuma na tarar da bakunan sun yi baƙi ƙirin da busasshen hayaƙi, domin ba sa kai zafin da za su wanke kansu. Na koma 7, kuma a nan na tsaya.

Game da ƙarfen da aka yi bakin da shi, wanda da farko shi kaɗai na duba, yanzu shi nake dubawa a ƙarshe. Iridiyam yana daɗewa domin sai wajen digiri 2,450 yake narkewa, kuma siririn tsinkensa yana sauƙaƙa wa koyil aiki. Talakan fulogi mai bakin nikel yana aiki lafiya a injin sufacaja, sai dai yana saurin cinyewa, tazararsa ta buɗe. A kwanakin gwaji shi na fi so, tunda ana yawan kwancewa da canzawa, bayan na tabbatar da lamba da tazara sannan na koma iridiyam. Ya kamata in faɗa kuma cewa fulogi mai sanyi ba ya maganin ƙwanƙwasar da fetur mai ƙarancin okten (ma'aunin jurewar fetur ga matsi) ko saitin lokacin wuta mara kyau ke jawowa. Wanda ya ga ɗigo-ɗigo kamar barbashin ƙarfe a jikin tangaran, to ya koma kan mai da saitin kwamfuta.

Kafin in ɗaura na ƙarshen, na jera sabo da tsoho na tabbatar tsawon tiredinsu, wato sashen da ake murzawa cikin inji, ɗaya ne, domin wanda ya yi tsawo yana iya taɓa fistan, na kuma tabbatar dukansu masu washa ne kuma masu rezisto, don kada su dami kwamfutar motar. Na ɗaura su a inji mai sanyi, na fara murzawa da hannu, sannan na ƙarasa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, na tsaya a niyutan-mita 25, wanda ke cikin abin da aka tanada wa tiredi mai milimita 14 a kan inji na alminiyam. Wannan ɗauri ba ƙaramin abu ba ne, tunda ta mazaunin fulogi da tiredinsa yawancin zafin ke fita, kuma sako-sakon fulogi mai lamba 7 yana iya yin zafi kamar wanda na cire. Yanzu duk lokacin da na canza man inji nakan kwance su in auna tazara in dubi launi, kuma a dubawar da na yi ta baya-bayan nan tangaran ɗin ya yi ruwan ƙasa mai haske, alamar zafin kuma tana nan daidai kan lanƙwasar ƙarfen gefe.