Kwana Shida a Sakkwato da Kyamara da Tsofaffin Takardu

Daren jiya na sauka Kano daga Sakkwato, kuma tun da na idar da sallar asuba barci ya ƙi dawowa, sai juya maganar wani dattijo nake yi a raina. Gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Sana'ata ɗaukar hoton tsofaffin littattafai na rubutun hannu, na Larabci da na ajami, in adana su a kwamfuta. Abin da ya kai ni Sakkwato shi ne alkawarin da muka yi da wani abokin sana'a daga Yamai, cewa za mu haɗu a can mu gwada aiki tare, shi da abin da ya sani na takardun Nijar, ni da nawa na Kano.

Hanyar Funtuwa zuwa Gusau kowa ya san halin da take ciki, don haka muka yi sammako, kowa bakinsa da addu'a. Shingaye ba su ƙirguwa, kuma ban ga laifin yawansu ba. Amma a wani shinge gaba da Tsafe wani jami'i ya buɗe jakata ya ga ƙarfen da nake kafa kyamara a kai, nan take ya haɗe rai. "Kai! Sauko. Wannan na ɗora mene ne?" Na ce, "Yallaɓai, na ɗaukar hoton littattafai ne." Na miƙa masa takardar wurin aikina, ko kallonta bai yi ba. Ya zazzage kayana a kan kwalta, har ɗan katin launuka da nake ajiyewa gefen shafi ya faɗa cikin ƙura, ya sa takalmi ya ture shi. Bincike haƙƙinsa ne, wulaƙancin ne ya yi mini ciwo, ga shi a haife na kusa haifarsa. Sai da wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, littattafan Shehu za shi ɗauka, ka ji tsoron Allah," sannan ya juya baya ya ce in kwashe tarkacena. Mun yi asarar kusan minti arba'in.

La'asar sakaliya muka shiga gari. Zafin Sakkwato ba irin namu ba ne, iska ce ke bugun fuska kamar an buɗe murfin tanda. Na ce a kira mini ɗan acaɓa, aka ce nan kabu-kabu ake cewa. Da safe na nemi waina, aka kawo, ashe nan "masa" ake ce mata. Kunnena ya yi kwana biyu kafin ya saba da "munka" da "sunka" da "wanga", amma daga baya sai na ji daɗin abin, domin da wannan harshen aka rubuta yawancin waƙoƙin wa'azin da na shekara ina ɗaukar hotonsu. Kalmomin da na saba gani kwance a takarda, ga su a bakin mai sayar da albasa.

Mun fara da ziyarar Hubbaren Shehu, kamar yadda ya kamata ga baƙo, muka yi wa Shehu Usmanu addu'a, wanda ya rasu a garin a 1817. Daga nan muka wuce gidan adana tarihi da aka sa wa sunan Waziri Junaidu, masanin da ya rayu daga 1906 zuwa 1997, wanda manazarta daga ƙasashe da dama suka zauna gabansa suka sha daga taskar littattafansa. Ma'aikatan wurin sun karɓe mu hannu bibbiyu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wani zaure ya faru, can cikin tsohon gari, inda mai masaukina ya kai mu wurin wani malami da ya gaji akwatuna biyu na littattafai daga kakansa.

Mun tarar da shi a kan buzu. Muka durƙusa muka gaisa, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, ya bari sai da muka sha muka huta, sannan ya dube ni ya ce, "To ɗana, mi kaka so da takardunga?" Na yi bayani iya iyawata: gara, da ruwan damina, da gobara, da yadda tawada kan cinye takarda in ta tsufa. Ya saurara bai katse ni ba. Sai ya ce, "Waɗansu sun zo gabaninka da irin na'urarka. Sunka ɗauka, sunka tahi. Har yau ban ga ko falle guda ba. An ce mini suna cikin intanet, amma ba a ce daga gidan wa sunka hito ba."

Ban da amsa sai gaskiya. Na ce, "Allah gafarta Malam, an zalunce ka, kuma ba kai kaɗai ba." Na gaya masa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai shirin ceto tsofaffin takardu da babban ɗakin karatun Birtaniya ke gudanarwa tun 2004, ƙa'idarsa ita ce littafi ba ya barin ƙasarsa, hoto kawai ake ɗauka, kuma dole a bar kwafi a ƙasar da aka ɗauka. Na ba shi labarin Tumbuktu, yadda 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, suka ƙona wasu littattafai a cibiyar Ahmad Baba a farkon 2013, da yadda Abdulƙadir Haidara da mutanensa suka yi ta fitar da dubban ɗaruruwan littattafai a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako. Da na ce masa cikin waɗanda suka taimaka aka ɗauki hotonsu har da wani ɗakin karatu na limaman Kirista a jihar Minesota ta Amurka, sai ya ɗago kai ya ce, "Kiristoci?" Na ce ƙwarai kuwa. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Ikon Allah. To su sun bar ma masu littattafan nasu kwafi?" Na ce sun bari. A nan fuskarsa ta saki.

Sharaɗi uku ya gindaya, kuma na ga ya fi yawancin takardun yarjejeniya da na taɓa sa wa hannu ma'ana. Ba za a fitar da littafi daga zaurensa ba. Duk abin da aka ɗauka a rubuta sunan gidan a jikinsa. Kuma a buga masa nasa a takarda, don shi ba ya karatu a waya. Akwai wani ƙunshi na asirai da ya ce wannan ba na idon duniya ba ne, muka ce mun ji, ba mu ko taɓa igiyarsa ba.

Kwana uku muka yi a zauren. Aikin ba ya son gaggawa. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, falle-falle suke a cikin tadarishi, wato bangon fata da ake naɗe su a ciki, in iska ta ɗebe su ko wani ya hargitsa, sai dai ka bi kalmar da mai kwafi yake ajiyewa a ƙasan shafi, wadda za ta buɗe shafi na gaba. Abokina yana juyawa da hannu biyu, ni ina ɗauka, ga ma'auni da katin launuka a gefe, wani jikan Malam yana rubuta farkon kowane littafi da ƙarshensa da sunan wanda ya kwafa in akwai. Wuta ta ɗauke tun ranar farko, da batirin sola muka ƙarasa. A rana ta biyu na ɗaga wani falle saitin hasken ƙofa, na ce Malam ya duba. Ga jinjirin wata guda uku a jere, a cikin jikin takardar. Ya ce shekara sittin yana karanta littafin bai taɓa lura ba. Na ce wannan takarda a arewacin Italiya aka yi ta, ta ƙetare teku, ta ratso Sahara a bayan raƙumi, aka jiƙa tawada a Sakkwato aka rubuta a kanta. Ya daɗe yana riƙe da ita a gaban hasken, ya kira jikokinsa ɗaya bayan ɗaya su gani.

Wannan ya buɗe hira. Ashe abin da muke ta kira haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa, magabata sun riga mu yinsa da alƙalami. Shehu Umaru Futi ya zauna shekaru a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello, har ya auri 'yarsa, kuma rubuce-rubucen malaman Sakkwato sun bi shi yamma. Da Faransawa suka ci Segu, a ƙasar Mali ta yau, a 1890 suka kwashe taskar littattafan gidansa, yau tana babban ɗakin karatu na Faransa a Faris. Bayan yaƙin Burmi a 1903 waɗanda suka yi hijira gabas sun kai har Mai Wurno a Sudan, da abin da suka iya ɗauka. Mu Kanawa ma ba mu tsira ba: littattafan Malam Umaru Falke, fiye da 3,000, suna jami'ar Northwestern kusa da Shikago. Sai ka ƙara da na Ibadan, da Jos, da Zariya, da Gidan Arewa a Kaduna. Gado ɗaya ne ya warwatse, kowa yana riƙe da ɓari.

Abin da ya ɓata mini rai kuwa, daga bakin abokina na ji shi. A jami'ar Yamai akwai dubban littattafai da marigayi Bubu Hama ya fara tarawa, da yawansu daga wannan yanki. Daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni bai kai kilomita 100 ba. Amma ni da na shekara goma a wannan sana'a, na fi sanin abin da ke Faris da Amurka a kan abin da ke Yamai, saboda waɗancan sun sa nasu a intanet da jerin sunaye, mu kuwa kowa ya rungume nasa. Shi ma bai san abin da ke Kano ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 zirga-zirgar ma ta ƙara wuya. Ban ƙi a haɗa kai da cibiyoyin Landan da Hambug da Boston ba, suna da kayan aiki da ƙwarewa, kuma sun yi abin a yaba. Sai dai in har kowace igiya sai ta bi ta Turai kafin ta haɗa Sakkwato da Yamai, to mu ne muka yi sake. Jerin sunaye guda, da rubutu iri ɗaya, wanda ɗalibi a Katsina ko Maraɗi ko Agadas zai buɗe a wayarsa, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

A akwati na biyu muka ci karo da wata waƙar wa'azi ta ajami wadda ƙarshenta ya ɓata, gara ta cinye falle biyu. Malam ya ce tun yana yaro haka ya same ta, mahaifinsa ma bai san yadda ta ƙare ba. Abokina ya karanta baitin farko sau biyu, ya ce kamar ya taɓa ganin irinta a Yamai, amma ba zai yi alkawari ba.

Ranar Alhamis na shiga kasuwa neman gafaka, don in mayar wa Malam da wadda ta yage. A nan na yarda fatar jar akuyar Sakkwato ba a banza ta yi suna ba, laushinta kamar ƙyalle. Baduku ya ce dubu goma sha biyu. Na taya bakwai, irin tayin Kurmi. Ya yi murmushi ya ce, "Bakano ne kai, ko?" Muka daidaita a tara, da ya ji ta littafin malami ce ya ƙara mini igiyar ɗauri kyauta. A Kano da sai an yi rantsuwa uku kafin a kai nan. Albasa da shinkafa sun fi namu araha nesa ba kusa ba, amma kayan lantarki tsada, ƙaramin abin ajiyar hotuna da na saya sai da na ji a jikina. Kuɗin kabu-kabu kuma ya yi yawa ga gajeriyar tafiya. Mutanen ba su da hayaniya irin tamu, gaisuwarsu doguwa ce, kuma ba wanda ya taɓa tambayata sai yaushe zan tafi. Mai masaukina ya ƙi karɓar ko sisi, har kuɗin cefane da na ba yara sai da ya dawo mini da shi a aljihun rigata.

Gwandu mun je mun dawo a wuni ɗaya. Mun ziyarci hubbaren Malam Abdullahi, ƙanin Shehu, na tuna a garin ne Bajamushen nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarimu, ya sami kwafin tarihin Songhai da aka rubuta a Tumbuktu, a 1853. Wurno kuwa an ba mu shawara mu bari sai wani jiƙon. Abokina ya kama hanyar Illela, ni na kamo ta Gusau, ba wanda ya buɗe jakata.

Muna wajen Funtuwa saƙonsa ya shigo ta WhatsApp: ya sa wani ɗalibi ya duba, ga hoton shafi huɗu, rubutun wani hannu daban, amma baitin da gara ta yanke a Sakkwato ga shi ya ci gaba har zuwa tammat, kalmar da ake rufe littafi da ita. An jima zan je Sabon Gari a buga su da manyan baƙaƙe tare da sauran, in sa a ambulan, in ba direban motar gobe ya kai wa Malam.