Godiya bayan jinyar maiɗakina

Alhamdulillah, jiya aka sallamo maiɗakina daga asibiti bayan kwana 16 tana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Da ƙafarta ta shigo gida. Tana ɗan jan ta dama, amma da ƙafarta.

Ranar da abin ya faru muna zaune muna hira, sai na ga kofi ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace, magana ta sarƙe. Shekararta 34, ba hawan jini, ba ciwon suga. Hoton kai ya nuna ba jijiya ce ta fashe ba, gudan jini ne ya toshe ta a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. To daga ina ya fito? Abin da ya hana ni runtsawa ke nan.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga wata likita ce da ta daɗe tana sauraron ƙirjinta, ta riƙe tsintsiyar hannunta, sannan ta ce bugun ba ya tafiya daidai, a yi mata eko. Na ce, "Likita, ai a kai matsalar take?" Ta ce, "Malam, kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan shanyewar ɓarin jiki, daga zuciya gudan jinin ke tasowa." Ba zan manta da baiwar Allah nan ba.

Eko hoton zuciya ne da ake ɗauka da sauti, kamar sikanin masu ciki. Aka shafa mata ruwa mai yauƙi a ƙirji, aka ɗora na'urar, sai ga zuciyar matata a allo, baƙi da fari, tana harbawa a rikice. Likitan zuciya ya sa yatsa ya nuna mini ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, wadda suke kira mitiral. Ta yi kauri ta tsuke, ɗakin sama ya faɗaɗa, jini na jinkiri a ciki, jinin da ya kwanta kuwa daskarewa yake yi. Bayan kwana biyu aka yi wani ekon ta baki. Awa 6 ba ci ba sha, aka fesa mata maganin kashe zafi a maƙogwaro, aka zura siririn tiyo ta hanyar abinci, don ita ce ke jingine da bayan zuciya. Can cikin wani lungu na zuciyar mai kama da aljihu, ga sauran gudan jini kwance. Jikina ya yi sanyi.

Asalin abin wai ciwon maƙogwaro ne na yarinta da bai samu magani ba, ya juye zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi yana lalata ƙofofin zuciya. Da surukata ta ji, sai ta tuna lokacin da gwiwoyin matata suka kumbura tana 'yar shekara 9. Ni kuma hakin da take yi in ta hau bene, duk shekarun nan gajiya na ɗauke shi. Wannan na ci mini rai har yanzu.

An ɗora ta a kan warfarin, maganin tsinka jini, za a riƙa gwajin INR, wanda ke auna saurin daskarewar jini, don ya tsaya tsakanin 2 da 3. Maganar gyaran ƙofar sai ta ƙara samun ƙarfi.

Ma'aikatan jinya da suka kwana a kanta, da mai gashin ƙashi da ta koya mata riƙe biro daga farko, Allah ya saka muku da alheri. Yayata da ta ɗauke mana yara, ƙanena da ya yi ta kai-komo, maƙwabcin da ya fito da mota cikin dare bai tambayi komai ba, da ku da kuka kira ban samu ɗauka ba, na gode, ku yi haƙuri.

Ɗazu da safe ta kira sunan autarmu, ya fita sarai. Ta ce in gaya muku ta gode, a ci gaba da sa ta a addu'a.