Dusar shinkafa da ƙamshin kek

Yau da hantsi na raka ƙanwata injin casar shinkafa a nan Katsina. Ita ilimin ƙananan halittu take karanta a jami'a, ba ta ganin abu ta ƙyale. Ta damƙi dusa, ta murza a tafin hannu, ta ce, "Yaya, ka san da wannan ake yin ƙamshin banila na kek?" Ashe a dusar akwai sinadarin ferulik asid, dangin lignin, wato abin da ke sa kara da itace tauri. Wasu bakteriya (ƙananan halittun da ido ba ya gani) na cikin ƙasa, irin su Amycolatopsis, ke guntule wa ferulik asid ɗin jela ya koma banilin, sinadarin da ke ba da ƙamshin banila, har kamfanoni na sayarwa. Wata kuma, Pseudomonas putida, in an gyara mata ƙwayoyin gado, takan farfasa irin waɗannan sinadarai na dangin lignin ta ba da sinadarin da za a iya yin zaren nailan da shi, sai dai wannan yawanci yana ɗakin gwaji tukuna.

Mai injin dariya kawai yake, wai shi dai masu kiwo ne kwastomominsa. Ni kuwa tun ɗazu hankalina na kan tulin buntun da ake cinna wa wuta a bayan gari, don kusan kashi 20 cikin 100 nasa lignin ne.