Dutsen Obuasi a Kan Ma'auni

Sana'ata gwajin dutse. A kawo mini dutse in niƙa, in narkar, in faɗa wa mai shi giram nawa na zinare ke cikin kowane tan. Mu bakwai ne a ɗan kamfanin namu har da mai gadi, kuma abincinmu duka a ƙarƙashin ƙasar Obuasi yake, garin nan na yankin Ashanti a Gana, kamar kilomita 60 kudu da Kumasi. Sunan garin ma a harshen Twi "ƙarƙashin dutse" yake nufi.

Tun kafin Bature ya san hanyar nan Ashantawa ke wanke yashi suna haƙa ƙananan ramuka. Ba kowa ya san cewa ba Bature ne ya fara kama filin ba. Wasu fatake biyu ne 'yan ƙabilar Fante daga Cape Coast, Joseph Ellis da Joseph Biney, suka karɓi izini a hannun sarakuna a 1890, daga baya suka sayar wa wani Baturen Ingila, Edwin Cade, aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a Landan a 1897. Injinan farko a ka aka ɗauko su, gunduwa-gunduwa, ta cikin kurmi, domin jirgin ƙasa daga Sekondi bai iso ba sai 1902. A 2004 kamfanin ya haɗe da AngloGold na Afirka ta Kudu. An dakatar da haƙa a 2016, 'yan galamse, wato masu haƙar zinare ba da izini ba, suka cika ramukan, sai ƙarshen 2019 aka sake zuba zinare. Yanzu ramin ya kai zurfin kusan mita 1,500.

Duwatsun nan masana suna kiransu Birimiyan, daga sunan kogin Birim, kuma shekarunsu sun kai biliyan 2 da ɗoriya. Asalinsu laka ce da aman wuta a ƙasan teku. Ƙasa ta matse su, ta murɗe, ta tsage daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagar ɗauke da zinare, ya huce ya bar kayansa a nan. Sai dai bai bar su iri ɗaya ba, kuma a nan ne rigimata da masu kawo mini aiki take.

Akwai farar jijiya, dutse mai kama da ƙanƙara, wanda wani lokaci za ka ga zinaren a jikinsa da idonka. Ita mutanen zamanin da suka bi, don ko da turmi da ƙwarya za ka fitar da rabonka. Sannan akwai baƙin dutsen da ke gefenta, mai santsi, mai ɓata hannu kamar bakin fensir. Ka ɗaga shi a rana ka karkata, za ka ga wasu 'yan allurai launin azurfa sun warwatsu a ciki. Sunansu asinofairait, haɗin ƙarfe da farar wuta da gubar asinik. A cikin alluran nan zinaren yake kulle, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, zaiba ba ta kamawa. Da can gasa dutsen ake yi, hayaƙin asinik ya tashi ya sauka kan gari da gonaki. A 1994 aka buɗe masana'antar Sansu, inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye alluran a cikin manyan tankuna su saki zinaren. Har yau abin yana ba ni mamaki, halittar da ba a gani ce take buɗe dukiyar da ba a gani.

A wurinmu wuta ce alƙali. Mukan busar da dutsen, inji ya farfasa, wani ya niƙe shi har ya fi garin tuwo laushi. Sai a auna giram 50, a gauraya da hodar dalma, a sa a tanderu mai zafi sama da digiri 1,000. Dalmar ta narke ta kwashe zinare da azurfa ta kwanta a gindin kasko. A ɗora ta a wani ɗan kasko mai shan dalma, ya tsotse ta, ya bar ɗan ƙwallo da bai kai ƙwayar gero ba. Ranar da na fara koyar da ƙaramin yaronmu, atishawa ya yi, aikin yini guda ya bi iska. Tun daga ranar ba mai buɗe taga idan ana awo.

Wani dattijo ya taɓa dire mini buhu biyu. Na farko cike da dutse mai walƙiya rawaya, na biyu baƙin nan da ya ce yaransa ne suka haɗo da shi bisa kuskure. Na gwada duka. Mai walƙiyar fairait ne zalla, ma'adinin da ke kama da zinare a ido, kusan babu komai. Baƙin kuwa ya ba da sakamako mai kyau. Ya dubi takardar ya dube ni.

"Yaro, ko dai ka musanya buhunan?"

"Baba, zo ka zauna, a gabanka za mu sake."

Ya zauna har la'asar, zufa na zuba, aka sake samun abin da aka samu da farko. Sai da na yi masa bayanin da ya fi sakamakon ɗaci: zinaren yana nan, amma injin niƙansa da zaibarsa ba za su taɓa fito da shi ba, sai dai ya shayar da yaransa guba a banza.

Farar jijiyar ma tana da nata sharrin. Zinarenta guda-guda ne, sai ka raba dutse ɗaya biyu, rabi ya ce kai attajiri ne, rabi ya ce ka koma gona. Shi ya sa ba na sa hannu a kan gwaji ɗaya, komai gaggawar mai kaya. Wasu sun bar ni saboda haka, sun tafi inda ake rubuta musu lambar da ransu ke so.

Dattijon nan bai ɗauki baƙin buhunsa ba. Yana nan bayan ƙofa, da shi nake gwada sabon ma'aikaci: in ba shi dutse ɗaya daga ciki da ɗaya mai walƙiya, in ce ya zaɓa.