Guzurin manhaja: abin da na koya a Aboabo

Kwamfuta tara ce a ɗakin, duk na hannu, waɗanda wani ɗan unguwa da ke ƙasar waje ya aiko wa makarantar sadaka a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Babu intanet. Aikina shi ne in sa su yi amfani, kuma da yake ba kuɗin lasisi, Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, na ɗora musu tun farko. Daga baya na rubuta wata 'yar manhaja ta rajistar ɗalibai da kuɗin makaranta, na bar lambobinta a buɗe don duk mai so ya ɗauka ya gyara. Rubuta ta bai ba ni wuya ba. Kai ta hannun mutane ne ya fitar mini da gumi.

A Linux, manhaja ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, tana jingina da wasu ƙanana da dama, kuma tsarin da aka saba shi ne kwamfuta ta jawo su daga intanet lokacin girkawa. Inda babu intanet fa? Sai ka kwafo fayil ɗaya a filashi, ka hau tirotiro daga Kejetiya zuwa Aboabo, ka iso ya ce maka saura guda shida. Har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya koka da wahalar rarraba manhaja a Linux a taron masu haɗa Debian, wani nau'in Linux, na 2014.

Shi ya sa na koma ga manhajojin da ke tafiya da guzurinsu. Uku ne sanannu. Snap na kamfanin Canonical ne, yana leƙa intanet sau huɗu a rana don neman sabuntawa. Abu ne mai kyau ga mai layi a gida, mu kuwa da muke ƙirga data kamar ƙwayar goro, ban daɗe a kansa ba. Flatpak, wanda Alexander Larsson ya faro da sunan xdg-app aka sauya masa suna a 2016, ya fi burge ni ta fuskar tsaro, don yana killace manhaja kada ta taɓa abin da ba nata ba. Sai dai manhajar farko da ka girka tana janyo wani babban tushe na ɗaruruwan megabait wanda sauran za su yi tarayya a kai. AppImage kuwa, wanda Simon Peter ya fara a 2004 da sunan klik, fayil ɗaya ne tak: ka kwafa, ka ba shi izinin gudana, ka latsa. Krita ta zane da Kdenlive ta tace bidiyo duk ana samunsu haka. Na ce to, nesa ta zo kusa.

Na haɗa tawa ta zama AppImage a kan sabuwar kwamfutata mai nau'in Linux da ake kira Ubuntu 22.04, na gwada, ta tashi lafiya lau. Ranar Asabar na je makarantar, shugaban makaranta ya tara malamai uku su ga abin mamaki. Na latsa. Shiru. Na sake latsawa, fanka na ta kaɗawa a sama, wani malami ya gyara zama. Da na buɗe baƙin allon umarni sai ga layi ɗaya: ba a sami GLIBC_2.34 ba.

Malam ya leƙo ta kafaɗata, ya ce, "Ɗana, ba ka ce ta zo da komai nata ba?"

Na ce, "Haka na zata, Malam."

Ya ce, "Fataken da suka riƙa zuwa garin nan sayen goro ma da guzurinsu suke tahowa, amma ban taɓa jin wanda ya ɗauko rijiya ba."

Ban san ko ya fahimci yadda maganarsa ta faɗa daidai ba. AppImage yana ɗauke da kusan komai, amma akwai abin da yake bari ya sha a garin da ya sauka, babbansu shi ne glibc, ginshiƙin da kusan kowace manhaja ke tsaye a kai. Kwamfutata na da 2.35, na makarantar masu Ubuntu 18.04 suna da 2.27. Abin da aka haɗa a kan tsoho yakan gudana a kan sabo, amma na sabo ba ya komawa baya. Wannan ƙa'ida tana rubuce a bayanin AppImage ɗin kansa. Ni ne ban karanta ba, don na ga ta yi aiki a gabana na ɗauka magana ta ƙare.

Na ari ɗaya daga cikin tsofaffin na kai gida, na sake haɗawa a kanta. Ta ɗauki lokaci, wuta ma ta ɗauke a tsakiya, amma ta fito, kuma ta tashi a duka tara. Bayan 'yan makonni wani aboki a Asawase ya karɓa don tasu makarantar, ya kira ni cewa ta ƙi. Kwamfutarsa sabuwa ce, kuma Ubuntu 22.04 ba ya zuwa da libfuse2 sai an ƙara masa, wata ƙaramar manhaja ce da irin AppImage ɗin da na haɗa ke buƙata kafin ya buɗe kansa. Wato na gudu daga tsohuwa na yi karo da sabuwa.

Akwai kuma abin da sai daga baya na lura da shi, wanda ya fi damuna. Idan aka gano ɓaraka a ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da na cusa a fayil ɗin, masu kula da Ubuntu za su toshe tasu, amma tawa tana nan yadda na naɗe ta. Babu mai gyarawa sai ni. Kuma fayil ɗin ya riga ya bazu daga filashi zuwa filashi, har na taɓa ganin wani tsohon kwafi a wani shago a Sabon Zango, an sauya masa suna. Tun ranar nake sa lambar fitowa da kwanan wata a saman allon manhajar da manyan baƙaƙe, don in mutum ya kira in fara tambayarsa wacce ke gabansa.

Tsohuwar kwamfutar har yau ban mayar ba. Malam ya ce in riƙe, tunda a kanta nake gwaji, amma duk wata in kawo filashi da kaina.