Idan gwamnati ta ce ba shiga ba fita, me malaman Yahudawa ke cewa?

A watan Satumba na 2020, korona na kan ganiyarta, Yahudawa mabiya ɗarikar Breslov sama da 1,000 suka maƙale a bodar Belarus da Yukiren, da yara da tsofaffi, suna kwana a bakin titi. Ziyara ce ta fito da su, duk shekara idan sabuwar shekararsu ta Rosh Hashana ta zo sai su yi tururuwa zuwa garin Uman na Yukiren inda kabarin shehinsu Rabbi Nachman yake, wanda ya rasu a 1810. To a wannan shekarar Yukiren ta rufe ƙofa ga baƙi, har jami'in da ke jagorantar yaƙi da korona a Isra'ila ma sai da ya rubuta wa shugaban Yukiren Zelensky wasiƙa yana roƙon a hana taron. Suka yi kwana da kwanaki suna waƙe da addu'a a gaban jami'an tsaro, a ƙarshe dai suka juya ba su shiga ba. Su a ganinsu an tauye musu ibada, wasu malaman kuma suka ce ai su ne ma suka saɓa wa addinin, kuma kowane ɓangare da nassinsa a hannu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun kafin gwamnati ta zo, addinin nasu da kansa ya riga ya ɗaure musu ƙafa. Ranar Asabar Bayahude mai riƙo da addini ba ya wuce kamu 2,000 daga ƙarshen gari, wajen kilomita ɗaya kenan, sun ciro wannan ne daga ayar Attaura a littafin Fitowa da ta ce kada kowa ya bar wurinsa a rana ta bakwai. Idan kuma dole sai ka je wani ƙauye da ya ɗan zarce haka, sai ka tashi ranar Juma'a tun rana ba ta faɗi ba ka kai abincin da zai isa ci biyu ka ajiye a bakin iyakar, shi ke nan wurin ya zama kamar masaukinka, daga nan za a fara ƙirga maka wani kamu 2,000 ɗin. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a 1204, ya rubuta cewa mazaunin ƙasar Isra'ila bai kamata ya fita ba sai don neman ilimi ko aure ko fatauci da irinsu, kuma ya je ya dawo. Attaura ta ma hana su komawa Masar, amma shi malamin a Masar ɗin ya ƙare rayuwarsa yana likitanci, har yau almajirai na ta neman yadda za su ba shi uzuri.

Saboda haka mutanen nan ba baƙi ba ne ga a ce musu tsaya nan. Rigimar tana kan wa ya ce, kuma don me.

Akwai wata ƙa'ida da wani malami mai suna Shmuel ya kafa a Babila a ƙarni na 3, suna cewa dina d'malkuta dina, wato dokar masarauta doka ce, ka biya haraji, ka bi tsarin ƙasar da kake zaune ko da sarkin ba addininku ɗaya ba. Sai kuma wadda ta fi ta ƙarfi, ta ceton rai, pikuach nefesh, wadda ke ture kusan komai har da Asabar ɗin kanta. A Talmud, babban littafin fiƙihunsu, cikin sashen Baba Kamma, akwai magana gajera mai daɗi: annoba a gari, tattara ƙafafunka, yunwa a gari, baza ƙafafunka. Wanda ya san hadisin annoba, na cewa kar a shiga garin da take kuma kar a fita daga cikinsa, zai ji kamar ya san maganar. Sai dai su ba su tsaya a nan ba, Rabbi Moshe Isserles na Krakow wanda ya rasu a 1572 ya ce idan annoba ta fara kunno kai to a gudu tun da wuri, zaman gida na wanda ya makara ne.

Wanda ya fi burge ni a wannan babin Rabbi Akiva Eiger ne na garin Posen. Da kwalara ta ɓarke a 1831 bai jira an tilasta masa ba, shi da kansa ya ce kar a wuce mutum 15 a ɗakin ibada a lokaci guda, a raba jama'a rukuni rukuni tun da asuba kowa ya san lokacinsa, kuma idan mutane sun ƙi ji a nemi ɗan sanda ya tsaya a ƙofa. Malami fa, yana kiran 'yan sandan sarkin Prusiya su hana mutanensa cika wurin ibada.

Amma kar ka ɗauka duk abin da sarki ya ce shi ke nan. Malaman Tosafot na Faransa, masu sharhin Talmud, wajen ƙarni na 12, an kawo musu batun sarakunan da ke ƙwace dukiyar Bayahuden da ya bar ƙasarsu ya koma wata, suka ce sam wannan ba dokar masarauta ba ce, fashin masarauta ne, domin Bayahude yana da damar zama inda ya ga dama kamar yadda mahayan sarki ke da ita. Kuma a ƙarni na gaba maganar ta faɗo a kan babban malamin Jamus gaba ɗaya, Rabbi Meir na Rothenburg. A 1286 sarki Rudolf na ɗaya ya matsa wa Yahudawa da haraji, yana ɗaukarsu bayin baitulmalinsa ne, kenan duk wanda ya gudu kamar ya saci kayan sarki ne, kayan kuwa shi ne kansa. Dattijon ya kwashi iyalinsa ya kama hanya da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki, a Lombardi wani ya gane shi ya tona, aka kamo shi aka kulle a gidan yarin Ensisheim da ke Alsas. Jama'arsa suka shiga tara kuɗin fansa, ana ruwaito cewa shi ne ya ce kar a biya, don idan aka biya yau gobe kowane sarki da aljihunsa ya bushe sai ya kama malami. Shekara 7 yana tsare yana amsa fatawa daga ciki har ya rasu a 1293, gawar ma ba su saki ba sai a 1307 da wani attajiri, Alexander Wimpfen, ya zuba dukiyarsa ya karɓo ta, sharaɗinsa kawai a binne shi kusa da malamin. Kaburburan biyu na nan gefe da gefe a maƙabartar Worms.

Daga nan sauran tarihin duk kala ɗaya ne. Unguwar geto ta Benis a 1516, inda aka killace Yahudawan birnin, da ake kulle ƙofofinta da dare, yankin da Rasha ta killace su a ciki daga 1791 har 1917, jirgin ruwan St. Louis a 1939 da fasinja sama da 900, yawancinsu Yahudawa masu gudun hijira daga Jamus, da Kuba da Amurka suka ƙi karɓa aka mayar da su Turai, sai Tarayyar Sobiyet da ke hana su bizar fita, irin su Natan Sharansky da aka kama a 1977 ba a sake shi ba sai 1986. Masu zanga-zangar lokacin maganar Annabi Musa ga Fir'auna suka ɗaga a alluna, ka saki mutanena.

Shi ya sa da korona ta zo abin ya rikice musu fiye da kowa, don yanzu a Isra'ila gwamnatin tasu ce. A Afrilun 2020 aka killace garin Bnei Brak na masu tsananin riƙo da addini, a Janairun 2021 aka rufe filin jirgin Ben Gurion, 'yan ƙasa da yawa suka maƙale a waje, daga baya aka sa ƙa'idar mutum 3,000 a rana, sai a Maris kotun ƙoli ta soke ta, domin dokar ƙasa ta 1992 ta ce kowa na da damar fita kuma kowane ɗan ƙasa na da damar shigowa. Ni a nawa ganin maziyartan Uman ba su da hujja mai ƙarfi, Zelensky ba kuɗin fansa yake nema ba, kuma abin da Akiva Eiger ya yi ya riga ya ba su amsa. Amma na gane dalilin da ya sa wanda kakanninsa suka kwana bayan ƙofar geto ba ya saurin yarda idan an ce masa don lafiyarka ne.

Kuma kar a mai da su tsarkaka a wannan fagen. A Jamus da Faransa na da, al'ummomin Yahudawa da kansu suna da wata doka, herem hayishub, da ke hana ɗan'uwansu Bayahude baƙo zama a garinsu sai da izini, saboda tsoron ya raba musu kasuwa. Yau ma kotunan addini a Isra'ila na hana miji fita ƙasar idan ya ƙi ba matarsa takardar saki, wannan kam ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Babbar tambayar da na san tana ran mai karatu ita ce ta Falasɗinawa, shingayen bincike a Yammacin Kogin Jodan, takardun izini, da rufe Gaza tun 2007. Masu goyon baya ceton ran suke kawowa hujja, su ce tsaro ne. Masu suka daga cikin gida, irin ƙungiyar malaman nan ta Rabbis for Human Rights da aka kafa a 1988, su kuma ayar Attaura suke karanto musu, ku ƙaunaci baƙo domin ku ma kun yi baƙunci a ƙasar Masar, kuma wasunsu kan raka manoman Falasɗinu gonakinsu lokacin tsinkar zaitun don kar a tare musu hanya.